Ranar Rufe Fom Ba Ita Ce Ranar Nema Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka, in yi magana da iyaye da ɗalibai masu burin karatun harhaɗa magunguna a Amurka. Ni ba malamin jami'a ba ne. Uba ne wanda 'yarsa ta bi wannan hanya, ta yi asarar shekara guda cur a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wayar da ɗan ƙanena ya yi mini makon jiya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Yaron yana shekara ta biyu a jami'a a nan Amurka. Ya kira ni cike da murna, ya ce wata uku ke nan yana fama da wani ƙaton littafi na shirin PCAT, jarrabawar shiga makarantar harhaɗa magunguna, da wani ya bar masa. Har ya ɗaga mini shafukan ta bidiyo, duk ya ja musu layi da alƙalami ruwan ɗorawa, gefen takardun ya lanƙwashe saboda yawan buɗawa. Na rasa ta inda zan faro. Can dai na ce, "Ɗana, rufe littafin nan. An daina wannan jarrabawa."

Ranar 10 ga Janairu, 2024 aka yi zamanta na ƙarshe. A da kam ita ce ƙofa. Kamfanin Pearson ne ke shirya ta, sassa biyar: rubutu, bayoloji, kemistiri, karatu da fahimta, sai lissafi, maki daga 200 zuwa 600. Tun kafin a soke ta makarantu da dama sun daina neman ta, musamman daga 2020 da annobar korona ta rufe wuraren jarrabawa. To amma tsofaffin littattafai suna nan suna yawo hannu-hannu, tsofaffin bayanai ma suna nan a intanet, kuma yayyen da suka zana ta a zamaninsu suna ba ƙanne shawara da zuciya ɗaya. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, a wata ukun nan yaron yana ɗaukar darasin kemistiri na oganik, wanda makinsa ne yanzu za a duba. Tun da PCAT ta kau, nauyin ya koma kan makin darussa, da intabiyu, da abin da malamai da masu aikin suka shaida a kanka.

Bari in koma kan 'yata, don a nan ne darasin ya fi shiga jikina.

Digirin da ake nema sunansa PharmD, shekara huɗu ne a mafi yawan makarantu, wasu kuma suna matse shi a uku ba tare da dogon hutu ba. Kafin a shiga sai an yi darussan share fage a jami'a, shekara biyu ko fiye. Makarantun sun kai kimanin 140, kuma akasarinsu ta shafin intanet guda ɗaya ake neman su, wato PharmCAS. A tsakiyar Yuli ake buɗe shi, domin ajin da zai fara karatu a Agustan shekara mai zuwa. Wata goma sha uku ke nan tsakani.

'Yata ta duba makarantar da ranta ke so, ta ga sai Maris za su rufe. Ta ce, "Baba, ai da sauran lokaci, bari in gama darussana tukuna." Na yarda, domin maganar ta yi kama da hankali. Abu biyu ne ba mu sani ba. Makarantu da yawa ba sa jiran ranar rufewa kafin su fara zaɓe. Fom na isowa ana dubawa, ana kiran intabiyu, ana ba da gurbi. Wanda ya zo a Fabrairu zai tarar an riga an raba kujeru da yawa tun kaka, haka ma tallafin kuɗin karatu. Sannan galibi ba dole ba ne sai ka kammala darussan share fage kafin ka nema. Kana iya rubuta waɗanda kake cikinsu da waɗanda za ka ɗauka, muddin za ka gama kafin a fara karatu.

A ƙarshen Fabrairu ta tura. Sai aka shiga jiran takardar sakamako daga jami'arta, da tantance ta, wanda shi ma yana cin kwanaki. Wani malami da ta roƙa ya rubuta mata takardar shaida bai aika ba sai da ta tuna masa sau uku, kuma ban ga laifinsa ba, a tsakiyar zango ta same shi. Sai Afrilu aka yi mata intabiyu. Ina zaune kusa da ita ranar da saƙon ya shigo: an sa ta a jerin masu jira. Ta karanta sau biyu, ta rufe kwamfutar a hankali, ta ce, "Ba komai, Baba." Har Agusta tana duba saƙonni kullum safe, gurbi bai fito ba.

Da shekara ta zagayo, a makon farko na Agusta ta tura. Oktoba aka kira ta, kafin ƙarshen shekara ta sami gurbi. Yarinyar ita ce dai, makinta ma kusan shi ne.

Abin da ta yi a karo na biyu shi nake so ɗalibai su kwaikwaya. Ta manna kalanda a bango, ta kewaye Agustan da take so ta shiga aji da jan biro, ta riƙa ƙidaya tana komawa baya. In za a tura fom a Agusta, to a rubuta bayanin kai a Yuni. A nemi malamai su yi alkawarin takardar shaida tun Afrilu, kafin su watse hutu. PharmCAS na karɓar har guda huɗu, kuma makarantu da dama suna son ɗaya ta fito daga ƙwararren mai harhaɗa magunguna. Shi kuwa ba zai shaidi wanda bai sani ba, don haka aiki ko sa kai a ɗakin magani ya kamata ya fara tun shekara guda kafin nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Darussan ma ba sa ɗaukar gaggawa. Kemistiri na gama-gari zango biyu ne, na oganik ma biyu, kuma ba a hawa na sama sai an wuce na ƙasa. Shekara biyu ke nan ko da ba a faɗi ko ɗaya ba. Kowace makaranta kuma da nata jerin: wata tana son kimiyyar ƙananan halittu, wata ta ƙara da ƙididdiga ko iya magana a gaban jama'a.

Wanda ya yi karatu a wata ƙasa, tasa kalandar ta fi tsawo. Sai hukuma irin WES ta auna takardunsa, kuma wasu makarantu za su nemi TOEFL, jarrabawar gwada Turanci. Ita wannan jarrabawa tana nan da ranta, sakamakonta kuwa shekara biyu yake aiki, saboda haka kada a zana ta da wuri har ta lalace, kada kuma a bar ta sai fom ya buɗe. A kuma tabbatar hukumar ACPE ta amince da makarantar, domin ta nan ake kai wa ga NAPLEX, jarrabawar lasisin aiki.

Ba cewa nake kowa ya yi tsalle ya tura fom a Yuli ba. Wanda makinsa ya yi rauni, gara ya jinkirta shekara da saninsa, ya maimaita darasin, ya tara sa'o'in aiki. Shekarar da 'yata ta rasa ba ta shirya mata ba, kuma da mun buɗe shafin makarantar mun karanta da kyau, ko mun buga wa ofishin ɗaukar ɗalibai waya ta minti biyar, da ba ta rasa ta ba.

Ɗan ƙanena kuwa na ba shi aiki: ya zaɓi makarantu biyar, ya shiga shafin kowacce, ya rubuto darussan da take nema da ranar da take fara intabiyu. Ranar Asabar za mu zauna da shi da yayarsa, wato 'yata, ta kawo tsohuwar kalandarta.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani uba, daga Amurka