A san asalin shagunan unguwa kafin a shafa musu jan fenti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan shagunan da ke jikin katangun rukunin gidaje na Kano, irin su Kundila, Gwammaja, Kabuga, Shagari Kwatas da Danladi Nasidi. Duk lokacin da batun gyaran birni ya taso, su ake fara nunawa da yatsa a ce an gina su ba bisa ƙa'ida ba. A takarda, da yawansu haka ne. Amma buƙata ce ta haife su, kuma wanda bai san yadda suka fito ba, in ya rushe su yau zai tarar da su sun dawo baɗi.

A cikin birni, ciniki a jikin gida yake tun fil azal. Uwargida tana ƙuli ko daddawa a ɗaka, yara suna talla, maigida yana da sana'a a soro, ga 'yar kasuwa a bakin lungu. Gidajen da gwamnati ta gina wa ma'aikata daga shekarun 1970, har zuwa na shirin Shugaba Shehu Shagari tsakanin 1979 da 1983, an zana su ne da wani tunani daban: falo, ɗakuna, kicin, a manyan gidajen a ƙara gareji da boskwata. Mai zanen ya ɗauka cewa mazaunin ma'aikaci ne mai abin hawa, wanda zai je Kingsway ko Leventis ko kasuwar Sabon Gari a ƙarshen wata ya yi sayayyar wata guda. Inda ma aka ware wurin shaguna, a kusurwa ɗaya ake tara su, nesa da yawancin ƙofofi. Ba a yi lissafin ashana ta ƙare ana shirin ɗora tukunya ba, ko baƙo ya sauka bayan isha'i babu sukari.

Mai tebur ne ya fara toshe wannan giɓi. Tebur ɗaya a gindin darbejiya a kan kwana, da ashana, sabulu, alewa, sukari mai iyali, batir da maganin sauro, da dare a kunna aci-balbal. Sau da yawa maigadin layin ne, yana haɗa gadi da ciniki. Daga tebur aka koma tireda ta katako mai rufin kwano, wadda ƙofarta ke buɗewa sama ta zama rumfa, mai ita kuma ya kwana a ciki.

Abin da ya mayar da harkar babba shi ne matsin shekarun 1980. A 1984 mutane sun sha layin madara, sukari da sabulu. A 1986 aka shigo da tsarin SAP na sake fasalin tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata. Abu biyu suka faru tare. Sayayyar wata ta gagara, aka koma sayen na yau da na gobe. Motar gida kuma ta tsaya babu kuɗin gyara, gareji ya zama fanko. Garejin nan shi ne shagon bulo na farko a layuka da dama: a sa kanta da katako uku a bango, a ɗora ɗan gida ko wani ƙane daga ƙauye. Da aka sayar wa mazauna gidajen suka zama mallakinsu, sai aka shiga fasa katanga ana fitar da shago biyu ko uku ana ba da haya. Ga ɗan fansho da haƙƙinsa ya makale, kuɗin hayar nan ne abincin gidansa.

Masu tireda sun daɗe suna ƙulli tun kafin kamfanoni su farga. Su buɗe babban gwangwanin madara ko kwalin omo su ƙulla a leda daidai kuɗin talaka. A farkon shekarun 1990 Cowbell ta fito da madara a ƙaramar leda, sauran kamfanoni suka bi, sai igiyoyin sacet suka cika ƙofar kowane shago. Fiya wata ya kawo firiza. Wayar salula daga 2001 ta kawo katin waya da cajin batir. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sa na'urar POS ta hau kan kowace kanta, har mai shagon da bai taɓa buɗe asusun banki ba ya buɗe, ya liƙa lambarsa a bango.

Manyan kantuna sun zo, ba su kashe ƙananan ba. An buɗe Ado Bayero Mall a titin Zoo a 2014, Shoprite ta zauna a ciki kusan shekara goma ta tashi a farkon 2024, mai shagon layi kuwa yana nan. Dalilin a fili yake: shi yana sayar da magi ƙwaya biyu, yana buɗewa bayan asuba, kuma yana da littafin bashi. Wannan littafi ya riƙe gidaje da yawa a kullen korona na 2020, ya kuma riƙe su bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Ribar harkar siririya ce, ya kamata masu yanke hukunci su san haka. Ana saro kayan kamfani a kasuwar Singa, hatsi a Dawanau. Katan ɗin taliya ƙwaya 20 ne, na ƙaramar Indomie 40, kiret ɗin ƙwai 30, jakar fiya wata 20, jarkar mai lita 25, buhun masara kwano 40. A katan ɗin taliya, abin da ke saura bayan kuɗin mota da na ɗan dako da wuya ya wuce kuɗin ƙwaya ɗaya ko biyu. Ƙwai uku suka fashe a hanya, ribar kiret ta tafi. Buhun da aka saya a matsayin kwano 40, in ana yi wa kowane mai saye tozo da gyara, 38 zai fitar. Babban mai kashe shago kuwa shi ne tashin farashi haɗe da bashi: ka ba da katan bashi a tsohon farashi, a biya ka bayan sati biyar, ka koma Singa ka tarar kuɗin ba zai sayi katan ɗin ba. A ido shago yana ciniki, alhali uwar kuɗi ce ake ci. Shawarata ga masu shaguna, kada abin da ke littafi ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na jari, kuma a rubuta kaya da yawansu, a yi lissafi da farashin ranar biya, bayan an faɗa wa mai karɓa tun farko.

Ba na cewa shagunan nan ba su da laifi. Suna da shi, kuma laifin gini ne wanda ake iya gyarawa.

Mafi muni shi ne hawa kan kwata. Mai gida yana son ƙarin ƙafa uku, sai ya zuba kankare a kan magudanar ruwa ya rufe ta ruf, babu murfin da za a ɗaga a yashe. Leda da yashi su taru a ƙasa, ruwan Agusta ya zo ya rasa hanya, ya shiga gidan maƙwabci na gangare wanda bai ci ko sisi a hayar ba. Gyaransa shi ne a fasa a sa silab masu ɗaguwa, ko a bar ƙofar yasa duk bayan ƙafa shida zuwa takwas.

Sai katanga. An gina ta da bulo inci shida a kan tushe marar zurfi, domin ba a yi ta don ɗaukar kaya ba. In aka fasa ta aka sa ƙofar ƙarfe ba tare da linta mai rodi ba, aka ɗora rufi, cikin damina biyu tsaga za ta fito daga kusurwar ƙofa. Wasu ma a kan sokawe suke ɗora shagon, ranar kwashewa sai an fasa daɓe.

Wuta ita ce mai cin dukiya da rai. Ana jawo waya ɗaya siririya daga falo, irin ta ƙwan fitila, a ɗora mata firiza biyu da fanka da allon caji. Wayar ta yi zafi a cikin silin, a kawo wuta da ƙarfi cikin dare, shago a kulle, bayansa kuma ɗakin yara ne. Firiza tana buƙatar waya mai kaurin milimita 2.5 da abin katse wuta nata daban, kuma kada a yarda da ajiye fetur ko cika tukunyar gas a shagon da ya haɗa bango da ɗakin kwana. Kwantena kuma, wadda ta yi yawa a 'yan shekarun nan, tanda ce a watan Afrilu: bota ta narke, lemo ya lalace, magani ya rasa ƙarfinsa. In ba a yi mata rufi na biyu da tazara a sama ba, bai kamata a sayar da abinci ko magani a ciki ba.

Roƙona ga hukumar tsara birni ta jiha, KNUPDA, da hukumar gidaje ta jiha shi ne su bi layi-layi tare da masu unguwanni da ƙungiyoyin mazauna, su raba shagunan gida uku. Wanda ke cikin filin mai gida bai taɓa kwata ba, a ba shi takardar izini a kan kuɗi mai sauƙi. Wanda ya hau kwata ko wayarsa ba ta da kyau, a ba shi wa'adin wata uku ya gyara, a dawo a duba. Wanda ya ci titi ko ya zauna ƙarƙashin babbar wayar wuta, a tashe shi, amma a nuna masa inda zai koma. Takardar izinin ta kuma faɗi irin sana'ar da aka yarda, domin kayan masarufi da ɗinki daban suke da walda da injin niƙa a tsakiyar gidajen kwana.

Sababbin rukunai irin su Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo, da waɗanda 'yan kasuwa ke yankawa a gefen gari, har yanzu suna da sarari. A ware fuloti a kan kwana tun a zane, shago huɗu zuwa shida masu faɗin ƙafa 10 da tsawon 12, da wurin tsayawar mota, da mita tasu, da banɗaki, a tazarar da yaro ɗan shekara bakwai zai je aike ya dawo ba tare da ya tsallaka babban titi ba.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani mai karatu daga Tarauni, Kano