A ba masu rawa masauki da lokacin yin aiki tare

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan yadda ake samar da rawar zamani ta dandamali, musamman tsarin nan da ake tara masu rawa a wuri guda na tsawon makonni, a ba su masauki da abinci da filin atisaye da ɗan abin sawa a aljihu, ba tare da an ɗora musu wani aiki ba face su zauna tare su ƙirƙiro sabon abu.

A ƙauyen masunta na Toubab Dialaw, kimanin kilomita 50 kudu da Dakar a ƙasar Senegal, akwai makarantar École des Sables, wato makarantar rairayi, wadda Germaine Acogny da mijinta Helmut Vogt suka kafa, aka kuma yi bitar farko a cikinta a 1998. Wannan baiwar Allah ta daɗe a harkar, domin ita ta jagoranci makarantar Mudra Afrique a Dakar daga 1977 zuwa 1982, wadda Shugaba Senghor na Senegal da Maurice Béjart, gwanin tsara rawa ɗan Faransa, suka assasa. Ɗaya daga cikin filayen atisayen makarantar tata babu daɓe a cikinsa, rairayi ne zalla a ƙarƙashin rumfar da iska ke ratsawa ta kowane gefe. Duk wanda ya taɓa gudu a kan yashi ya san yadda ƙafa ke nutsewa, yadda tilas gwiwa ta sassauta, nauyin jiki ya sauko ƙasa. Wanda ya yi makonni yana taka rawa a irin wannan fili, takunsa kan sauya, kuma ba abu ne da za a koya wa mutum da baki a yini guda ba.

A nan ne aka tara masu rawa 38 daga ƙasashen Afirka 14, ciki har da 'yan Najeriya, a farkon 2020, domin su koyi "The Rite of Spring", rawar da Bajamushiya Pina Bausch ta tsara a 1975 bisa kiɗan Igor Stravinsky. Wasu sun taso ne a rawar gargajiya, wasu a rawar titi, wani na jin Faransanci, wani Turanci, ga kuma masu koyarwa da suka zo daga tsohuwar tawagar Bausch. Ana dab da fara nuna aikin a Dakar a watan Maris sai annobar korona ta rufe ko'ina. Kafin su watse, sai suka fita bakin teku da almuru suka taka rawar daga farko har ƙarshe a kan yashi, aka ɗauke su a majigi. Sai a watan Satumba na 2021 aka samu nuna ta a dandamali a Madrid. A ganina, mutanen da ba su kwana wuri ɗaya suka ci daga kwano ɗaya na tsawon makonni ba, da wuya su iya wannan haɗin numfashi.

Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Aikin na Turawa ne, kuma manyan abokan haɗin gwiwar, wato gidauniyar Pina Bausch da gidan wasan Sadler's Wells na Landan, duk daga Turai suke. Ba na ganin laifinsu, amma wanda ya biya kuɗin masauki yana da babbar murya wajen zaɓen abin da za a taka. Cibiyoyin rawa irin su La Termitière wadda Salia Sanou da Seydou Boro suka buɗe a Wagadugu a 2006, da QDance ta Qudus Onikeku a Legas, sun nuna cewa ɗan Afirka na iya zama mai masaukin baƙi, ba baƙo kawai ba.

A wajenmu kuwa, na taɓa tsayawa ina kallon wata tawagar 'yan koroso da aka kira saura kwana uku a yi wani babban taro. A kan siminti mai zafi suke atisaye da tsakar rana, cakansami a ƙafafunsu, mai kalangu na sharce gumi, wani jami'i na duba agogo yana cewa a rage tsawon rawar saboda manyan baƙi ba za su jira ba. Ƙwarewarsu ba ta da makusa, amma ba a ba su ko yini ɗaya na gwada wani sabon taku ba, kuma taron na tashi kowa ya kama gabansa.

Saboda haka ina kira ga hukumomin raya al'adu da jami'o'inmu masu sashen wasan kwaikwayo da attajiranmu da su ware ko da makonni shida a shekara, su ba masu rawa da makaɗa goma ɗakin kwana da abinci da fili mai inuwa, su gayyato musu takwarorinsu daga Yamai ko Legas ko Wagadugu, a kuma bar zaɓen abin da za a taka a hannun masu rawar.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka mai karatu,
daga Kano