Bidiyon shan inna: ku daina watsa shi yadda kuka sauke shi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

A kan shirinku na lafiya na daren Talata nake magana. Kun sanar da mu cikin murna cewa masu yaƙi da shan inna sun zuba bidiyoyi a intanet kyauta, kowane gidan talabijin ya sauke ya yi amfani da su, sannan kuka nuna mana guda ɗaya. Wallahi wannan guda ɗayan ya ɓata mini rai. Mai magana yana cewa a fito da yara idan masu rigakafi sun zo ƙofar gida, hoton kuma yana nuna ma'aikaciya riƙe da sirinji tana tsira wa jariri allura a cinya, yaron yana tsala ihu. Haba Malam! Masu bin gida-gida ɗigo suke bayarwa, ɗigo biyu a baki ga duk yaron da bai kai shekara 5 ba, a shafa masa tawada a ƙaramin yatsan hannun hagu, a yi alama da alli a bangon ƙofa, su wuce gaba. Allurar cinya tana nan, amma a asibiti ko wurin da aka keɓe ake yin ta. Magidancin da dama yake jan ƙafa, ya ga wannan hoton da dare, me kuke zaton zai gaya wa iyalinsa da safe?

Abin da ake ajiye muku a intanet ɗanyen kaya ne, aikin tacewa yana wuyanku. Yawanci iri biyu ake ɗorawa: wanda aka gama haɗawa da kiɗa da rubutu da muryar mai bayani, da wanda babu komai a kansa sai hoto da sautin wurin da aka ɗauke shi. Na biyun za ku ɗauka. Ku karanta takardar da ke biye da shi, wadda ke faɗin abin da ke cikin kowane yanki da inda aka ɗauka. Da an karanta ta ran Talata, da an gane cewa yankin sirinjin na rigakafin yau da kullum ne, an yanke shi.

Ga kuma dishi-dishin da hoton ya yi. Duk mai sana'ar ya san wannan alamar WhatsApp ce: wani ya tura wa wani, manhajar ta matse shi, aka sake turawa ta sake matsewa, fuskoki suka zama tabo-tabo a babban allo. Ku sauke daga tushe. In dole sai an bi ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, ba ya taɓuwa. Minti ɗaya mai kyau zai iya cin megabait 70 ko fiye, don haka a sauke shi tun kwana biyu kafin shiri, ba ana saura rabin awa ba, intanet na ɗaukewa, ana zufa. Mu nan hoto 25 muke gudu a kowace daƙiƙa, abin da aka ɗauka da tsarin Amurka kusan 30 ne. In ba a juya shi a ɗakin tacewa ba, sai ka ga motsi yana ƙyafƙyaf. Wanda aka ɗauka da waya a tsaye kuwa na Facebook ne, a talabijin sai ya bar baƙi dama da hagu.

Mafi muni shi ne kwanan watan da ke manne a jikin hoton, na zagayen rigakafin da ya riga ya wuce. Zagaye kwana huɗu ne a bisa al'ada, sai a ƙara kwana ɗaya ko biyu na bin waɗanda aka tsallake. Ranakun zagayen da ake ciki ku za ku rubuta da hannunku, bayan kun tabbatar daga hukumar lafiya matakin farko ta jiha, kuma a sa rubutun sama kaɗan, kada labaran da ke gudu a ƙasan allo su rufe shi.

Akwai abin da ya fi kukan jariri cancantar daƙiƙa goma. A matso da kyamara kan 'yar kwalbar maganin: a jikinta akwai da'ira mai duhu, a tsakiyarta ɗan murabba'i mai haske. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, magani lafiya lau. Da zarar ya yi duhu kamar ta, zafi ya kashe shi, sai a ajiye shi gefe. A nuna akwatin sanyi da ƙanƙarar da ke ciki. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, uwa tana da haƙƙin sanin yadda ake gane magani mai rai.

Sannan tambayar da ake yi a kowace majalisa, bidiyonku bai ko kusance ta ba: tunda an ce an gama da shan inna, me ya sa ake ta dawowa? Gaskiya ne, rabon Najeriya da ainihin ƙwayar ta daji tun 2016 a Borno, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Wadda ta rage rikiɗaɗɗiya ce. Ƙwayar da ke cikin ɗigon an raunana ta, tana fita ta bayan gida. Inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba kuma tsafta ta yi ƙaranci, sai ta daɗe tana yawo tsakaninsu har ta sake ƙarfi ta shanye ƙafar wanda ba a yi wa ba. Saboda haka aka fara amfani da sabon ɗigo a 2021, wanda ya fi wuyar rikiɗewa. Ku faɗi wannan ƙarara. Ɓoye-ɓoye ke ciyar da jita-jita, kuma mun ga abin da jita-jita ta jawo a 2003, lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin a wasu jihohin Arewa.

Muryar ma ku canza ta. Hausar da aka ɗora a kan hoton ta takarda ce. Ku samo wanda zai ce "ku hiddo ɗiyanku" yadda mutumin Gwadabawa ko Tangaza zai ji nasa ne ke magana, ku haɗa da hakimi ko limami. Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya daɗe yana gaba a wannan aiki. Sautin kuma a ware shi daban, daƙiƙa 30 da daƙiƙa 60, a miƙa wa gidajen rediyo, don su ne ke kai wa ƙauyukan Gudu da Illela da Sabon Birni, har tsallaken iyakar Nijar. In za ku ɗauki yaran nan gida, ku nemi iznin iyayensu tukuna.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami: wa ya ba ku shawarar mayar da shirin manoma daidai lokacin sallar isha'i? Masu albasa suna masallaci kuna karanta farashi. Ku mayar da shi bayan labarai, inda yake da.

Naku,
mai kallonku daga Sakkwato.