Cinikin biri a sama: wasiƙa daga karar Wudil kan cefanen Pillars

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Ni dillalin shanu ne a karar Wudil, shekarata 26 ina wannan sana'a, kuma ina zaune a wani ƙauye da bai fi tafiyar rabin awa a babur daga kasuwar ba. Ƙwallo ban taɓa buga ta da takalmi ba, amma Kano Pillars ina binta tun ina saurayi, tun lokacin da aka haɗa WRECA da Golden Stars da Bank of the North a 1990 aka fitar da ƙungiya ɗaya.

An tashi daga kakar wasa, Turawa ma sun tafi hutu, mai gidan kallon garinmu ya lulluɓe janaretansa da buhu. Da rana kowa yana gona. Da an yi sallar isha'i kuwa sai a cika bencin mai shayi, a buɗe wata kasuwar da ba a biyan kuɗin shiga, kasuwar 'yan wasa. Daren jiya da idona na ga telan garinmu ya yage kwalin taliya, ya ari biro, ya jera mutum goma sha ɗaya da ya ce su Pillars za ta fito da su baɗi. Ya sa wani ɗan gaba daga Gana wanda shi kansa bai iya faɗin sunansa daidai ba, ya sallami 'yan baya biyu, ya ɗauko mai tsaron raga daga Enyimba. Mai facin garinmu ya fizge kwalin ya soke mai tsaron ragar, wai ya tsufa. Har shayinsu ya huce suna musu a kan mutumin da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Wani yaro yana gefe da waya, hasken ta ya haske masa fuska, duk minti biyar sai ya ɗago ya ce, "Wallahi Baba an gama magana, gobe zai sa hannu." Na ce masa wa ya faɗa? Ya ce a Facebook ya gani. Na ce wa ya rubuta? Ya ce wani shafi ne mai mabiya da yawa.

Ba na jin haushinsu, don ni ma nakan tsoma baki, kuma hirar ta fi ta siyasa lafiya. Abin da ya dame ni shi ne jama'a sun daina bambance tayi da sallamawa. A wurinmu a kara, mutum goma za su zagaye sa guda, wannan ya taɓa tozo, wancan ya ɗaga wutsiya, wani ya taya, mai sa ya ce albarka. Duk wannan ba ciniki ba ne. Wani tayin ma dillali ne ya turo abokinsa ya yi don mai saye na gaskiya ya ji tsoro ya ƙara kuɗi. Kada a ce na tona asirin sana'a, kowa ya sani. Ciniki bai faɗa ba sai mai dabba ya ce na sallama, an damƙa kuɗi ko kafin alƙalami, igiya ta koma hannun wani. Dillalan 'yan ƙwallo ma la'ada suke ci kamar mu. Idan ka ji an baza labarin cewa ƙungiyoyi uku suna rububin wani yaro, ka tambayi kanka aljihun wa zai yi nauyi idan labarin ya yaɗu.

Ba mu manta da na Victor Osimhen ba. A damunar 2024 akwai wanda ya rantse a bencin nan cewa idan Osimhen bai je Chelsea ba a daina gaishe shi. Wasu suka ce Saudiyya ce, Al-Ahli ta gama biya. Aka rufe kasuwar Ingila, sai ga shi a Galatasaray ta Turkiyya a matsayin aro daga Napoli, bayan shekara guda suka saye shi gaba ɗaya a kan Yuro miliyan 75. Mai rantsuwar har yau muna gaishe shi, don maƙwabci ne. To idan a Turai, inda 'yan jarida ke kwana a ƙofar filin jirgi, aka yi wannan ɓatan kai, ina ga namu na gida da galibi sai ranar wasan farko za ka ga baƙuwar fuska a fili ka tambayi na kusa da kai wane ne wannan?

Akwai kuma jita-jitar da ba ta tsufa. Duk hutun kaka sai an ce bana Rabi'u Ali Pele, daɗaɗɗen ɗan wasan Pillars, zai rataye takalmi. Na fara jin wannan zance tun gemuna bai yi furfura ba. Mutumin ya haura shekara 40 yana zura ƙwallo daga bugun tazara, masu yi masa ritaya a bakin shayi wasunsu ko tsallen kwata ba sa iya yi yanzu. Da tsohuwar zuma ake magani, na yarda. Amma ko ni da nake ƙaunarsa na san wata rana zai zauna, kuma tambayar da ban taɓa jin an yi a bencin nan ba ita ce, ina ake rainon wanda zai gaje shi?

Nan ne maganata take, Edita. Duk kwalin da aka zana, sunayen waɗanda za a sayo ne. Ba wanda ya taɓa rubuta sunan yaron da za a raina. Mu masu harkar dabba mun san riba ba ta wurin sayen ƙosasshen sa ana gobe Sallah. Wanda ya sayi maraƙi da araha, ya ɗaure a turke, ya yi ta ba shi dusa da harawa wata shida, shi ne yake dariya ranar da tirelolin Legas suka zo lodi. Pillars ma ta taɓa cin irin wannan riba. Ahmed Musa yana ɗan saurayi ya zo daga Jos, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta Holan, sai CSKA Moscow, sai Leicester. Wanda ya zura wa Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ƙara wa Aisland biyu a 2018, a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata muka fara kallonsa. Sani Kaita ma daga Pillars ya tafi Holan. Ba da sunansu aka sayo su ba, a nan suka yi sunan.

Kuma shekarun da muke taƙama da su, kofin 2008, da uku a jere na 2012, 2013 da 2014, da ranar da muka fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 bayan kunnen doki a Kano da biyu da biyu a Alƙahira, har muka kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tare mu, duk ƙungiya ce da 'yan wasanta suka daɗe tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ruga tun bai ɗaga kai ba. Shekara 12 ba a ci mu a gida ba sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015. Ina gida ranar, rediyo a kunne, ban ci tuwon dare ba. Faɗawar da muka yi rukunin 'yan dagaji a 2022 kuwa ba na son tuna ta. Mun dawo a 2023, alhamdu lillahi.

Ɗana da ke karatu a jami'ar Wudil ya ba ni labarin yadda Amurkawa ke yi a wani wasa nasu da suke kira ƙwallon ƙafa alhali da hannu suke rungumar ta. Ƙungiyoyi 32 ne. Duk watan Afrilu sai a jero samarin da suka yi fice a jami'o'i, a yi zagaye bakwai ana zaɓe, kuma ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka. Magoya bayansu ma, in ji shi, wata da watanni suke yi suna zana irin kwalin telanmu. Na yi dariya na ce ashe cutar ta gama duniya. Amma da na kwanta sai na ga bambancin. Su yaran da suke musu a kansu an san makarantarsu, an san shekarunsu, an auna gudunsu, an kalli wasanninsu. Dabbar tana tsakiyar kara kowa yana gani. Mu kuwa cinikin biri a sama muke yi. Ban ce a kwaso tsarinsu ba. Su ba a korar ƙungiya zuwa ƙasa, mu kuwa cikin 20 huɗu ke faɗawa duk shekara, in ka ce na ƙarshe ya fara zaɓe ai ya riga ya tafi. Abin da ya burge ni kawai shi ne akwai rana sananniya da hanya sananniya da yaron da ba shi da kowa zai bi a gan shi.

Ina da ɗan ƙanwa, shekararsa 17, kuma 17 ɗin gaskiya, don ni na yanka ragon sunansa. Bahago ne a ƙafa. A filin firamaren garinmu yake wasa, filin da rabinsa yashi ne rabinsa ƙaya, turakun raga kuma itacen darbejiya ne da aka ɗaura wa igiya. Na ga ranar da ya ɗauko ƙwallo daga tsakiya, ya wuce mutum uku a gefen layi, ƙafa ba takalmi sai safa biyu da ya ninka, ya lanƙwasa ta ta shige ta ƙarƙashin igiyar, har mai rake ya yar da wuƙarsa ya rugo fili. Bara bayan wasan Sallah wani mutum mai jaka a kafaɗa ya same shi, ya ce yana da hanya a wata ƙungiya a wata jiha, za a yi gwajin ɗaukar 'yan wasa, a kawo kuɗin fom da na mota da na masauki. Uwarsa ta sayar da tumaki biyu. Ni na sayar mata da su, ban karɓi la'ada ba.

Na raka shi. Muka tarar da yara sun fi ƙarfin ƙirga, wasu a tasha suka kwana. Aka riƙa shigar da su rukuni-rukuni, kowane rukuni minti goma. A rukuninsa sau biyu ƙwallo ta zo ƙafarsa. Waɗanda aka haɗa shi da su, wai 'yan ƙasa da 18, akwai wanda sawun reza ke haɓarsa, ƙwaurinsa kamar taɓarya. Ni da dabba ce da na buɗe baki na duba haƙora an huta da musu. Mutanen da ke riƙe da takarda a inuwa hira suke yi, ba wanda ya ɗago. Da yamma aka karanta sunaye, muka nemi mai jaka, wayarsa a kashe, har yau a kashe take. A mota yaron bai ce komai ba sai da muka kusa gida, ya ce, "Kawu, kada ka gaya wa Inna ba su kalle ni ba. Ka ce mata ban yi ƙoƙari ba ne." Ban ambaci gari ko ƙungiya ba da gangan, kuma abin bai shafi Pillars ba. Amma irin mai jakar nan yana cin kasuwarsa ne saboda ƙofar gaskiya ba a san inda take ba.

Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27. A kowace akwai fili irin namu. Ga Ahmed Musa an ba shi janar manajan Pillars a 2025, mutumin da ya san yadda ake tashi daga ƙasa. Ga Barau FC ta hau babbar gasa a shekarar, ga Jigawa Golden Stars a Dutse. Roƙona gare su ɗaya ne. A cikin kuɗin da za a kashe wa baƙon ɗan gaba guda wanda wataƙila rabin kaka zai yi ya tafi, a cire na man mota, a tura tsofaffin 'yan wasa biyu ko uku su zagaya Wudil da Gaya da Rano da Bichi da Ringim da Haɗeja lokacin hutun nan. A sanar da rana a rediyo, a faɗa da babbar murya cewa ba a biyan ko sisi. Wanda aka gani a kai shi ƙaramar ƙungiya ya yi shekara biyu yana cin abinci mai kyau yana koyo. Gasar Ramat da ake yi a Kano duk shekara tana tara yara, amma yaron ƙauye kafin ya kai can sai ya san wanda ya san wani.

Ku ma 'yan jarida ina da ƙorafi a kanku, kaɗan. Idan za ku rubuta labarin cefane, ku riƙa gaya mana wanne ne tayi, wanne ne aka sallama, wanne ne kuma dillali kawai ya hura. Mu a ƙauye abin da aka buga a jarida ko aka faɗa a rediyo yanke ne, da shi ake rantsuwa. Sannan shafinku na wasanni kullum Real Madrid da Arsenal ne, ko ɗan lungu a ware wa wasannin ƙananan hukumomi mana.

In wakilinku yana son gani da ido, ya same ni a kara ranar Juma'a, wajen da ake ɗaure bunaji, ya tambayi dillalin da ke sa hular Pillars mai ruwan ɗorawa, kowa ya san ni. Ya kwana a gidana, Asabar bayan la'asar mu je filin firamare. Yaron yana buga gefen hagu, kuma yanzu ya samu takalmi, na gwanjo na saya masa a Wudil, sai dai ya yi masa yawa kaɗan, yana cusa tsumma a gaba. In an yi ruwa ranar Alhamis ya zo da takalmin roba, don hanyar garinmu tana cin babur.

Wassalam.

Naka,
Wani dillalin shanu, daga wajen Wudil, Jihar Kano