Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Malamin da Ya Ce Lissafin Bogi Nake Koyarwa

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Tambayoyinka uku sun iso ni, ko da yake ba kai ka aiko mini da su ba. Mutane ne suka yi ta kawo mini, kowa da irin kallon da yake bi na da shi. Kana da lambar wayata, ka kuma san ƙofar ofishina, amma bainar jama'a ka zaɓa. To, madalla. Inda ka ajiye tambaya, nan zan ajiye amsa.

Ga abin da ka ce, saboda wanda bai ji ba. Na ɗaya, wai tun 1936 Ronald Fisher, masanin lissafin ƙididdiga ɗan Ingila, ya fallasa cewa alƙaluman Gregor Mendel, wanda ya gano dokar gadon halitta, na bogi ne, don haka ni da nake koyar da su ɗayan biyu ne: ko ban sani ba, ni jahili ne, ko na sani na ɓoye, ni maha'inci ne. Na biyu, in dokar uku da ɗaya gaskiya ce, me ya sa dogo da gajeriya suke haifar matsakaici? Na uku, wane irin ilimi ne rarraba tsirrai, da ake sauya wa itace suna da dangi duk bayan 'yan shekaru?

Ta biyu da ta uku tambayoyin ɗalibai ne, kuma ina jin daɗi in yaro ya yi mini su. Ta farko kuwa zagi ne aka liƙa masa alamar tambaya. Da ita zan fara, a kanta kuma zan daɗe.

Mendel malamin majami'a ne a birnin Brno, cikin ƙasar Cek ta yau. Kafin ya fara gwaji sai da ya shafe shekara biyu yana shuka iri 34 na waken fis, don ya tantance waɗanda ba sa sauya kama daga shuka zuwa shuka, ya zaɓi 22. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta barbarar su da hannunsa, yana ɗibar garin furen wannan ya shafa wa wancan, siffofi bakwai kawai yake bi. Da ya haɗa mai mulmulalliyar tsaba da mai yamutsattsiya, 'ya'yan duk suka fito mulmulallu. Da ya bar 'ya'yan suka barbari kansu, sai ga yamutsin ya dawo a jikoki: 5,474 mulmulallu, 1,850 yamutsattsu. A launin tsaba, 6,022 rawaya, 2,001 kore. A tsayin kara, 787 dogaye, 277 gajeru. Bayanin da ya bayar shi ne, kowace shuka tana ɗauke da ƙwayar gado biyu a kan kowace siffa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma guda ɗaya tak take miƙa wa ɗanta. In mai rinjaye ta haɗu da mai lafewa, ta farkon ce ake gani, amma ta biyun tana nan daram, ba ta narke ba, ba ta gauraya ba. Haɗuwa iri huɗu ce ke yiwuwa a jikoki, a guda ɗaya ce kawai masu lafewa biyu ke gamuwa. Uku da ɗayan da kake yi wa dariya ke nan.

Yanzu ga Fisher, shaidanka. Ka karanta shi kuwa, Malam, ko a bakin wani ka tsinci sunan? Abin da ya ce shi ne, in aka tattara gwaje-gwajen Mendel duka, alƙaluman sun matsa kusa da abin da ake tsammani fiye da yadda sa'a ta saba bayarwa. Ya fi tsayawa a kan gwaji guda. Don Mendel ya gane ko jika mai siffar rinjaye yana ɓoye da ɗayar, yakan shuka tsabarsa goma ya duba abin da zai fito. Fisher ya lissafa cewa goma ta yi kaɗan, domin kusan kashi 6 cikin 100 na masu ɓoyon za su tsallake ba a gane su ba, saboda haka bai kamata sakamakon ya faɗa daidai kan biyu da ɗaya ba, wato masu ɓoyo biyu ga kowane tsantsa ɗaya, amma ya faɗa. Ƙorafi ne mai nauyi, kuma kowace shekara sai na kawo shi a aji. Tambayi duk wanda ya zauna gabana. Cikinsu akwai likitoci, akwai masu binciken iri, akwai ma waɗanda yanzu kai da su kuke koyarwa a wuri ɗaya, ba za ka sha wahalar samun su ba. Amma Fisher bai ce dokar ƙarya ba ce. Bai ma ɗora wa Mendel laifin ba: zato ya yi ko wani mataimaki ne da ya san abin da maigidansa yake nema ya gyara ƙirgen. A 2008 masana biyar, cikinsu da masu lissafi da masu ilimin gado da mai tarihin kimiyya, suka sake bin maganar a littafi guda, suka tsaya a kan cewa babu hujjar Mendel ya yi ha'inci da gangan.

Da ka buɗe takardar Mendel ta 1866 da kanka, da ka ga abin da mai ƙirƙirar alƙaluma ba ya yi. Ya rubuta cewa wata shuka ta ba shi mulmulallu 43 da yamutsattsu 2, wata kuma 14 da 15. Wanda yake son rufe ido ba ya buga abin da ke tona shi. Daga baya ya gwada wani tsiro mai suna Hieracium, sakamakon ya ƙi bin dokarsa sam, ya kuma buga hakan a 1870. Sai bayan mutuwarsa aka gano cewa tsiron yakan yi tsaba ba tare da barbara ba, shi ya sa lissafin ya ƙi.

Amma mu ƙaddara na ba ka duka. Mu ce Mendel ya zauna a ɗaki ya zana alƙaluman da ka. Sai me? Ni ba amanar Mendel nake koyarwa ba, abin da wake yake yi nake koyarwa, kuma wake yana nan. A 1900 Carl Correns a Jamus da Erich von Tschermak a Ostiriya suka ƙirga nasu fis ɗin, suka sami uku da ɗaya, Hugo de Vries a Holan ya same ta a wasu tsirran daban. A 1909 Darbishire a Ingila ya ƙirga tsaba fiye da 140,000, amsar ba ta sauya ba. A 1990 aka kai ga ainihin ƙwayar gadon da ke jawo yamutsin: wani guntun DNA ne ya kutsa tsakiyar ƙwayar da ke sarrafa sitaci ya lalata ta, sai sukari ya taru a tsabar, ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta yamutse. Mendel ya rasu a 1884. Ko su ma waɗannan daga kabari ya ba su toshiyar baki?

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi ba ni dariya, domin mutumin da ya amsa ta shi ne wanda ka kira shaida. A 1918 Fisher ɗin nan dai ya nuna da lissafi cewa in ƙwayoyin gado masu yawa suka taru a kan siffa ɗaya, kowacce tana ƙara kaɗan ko ta rage kaɗan, kuma kowacce tana bin dokar Mendel, abin da zai fito shi ne tsayi hawa-hawa, mafi yawan mutane a tsakiya. Tun kafin nan Nilsson-Ehle a Suwidin ya ga haka a launin ƙwayar alkama, inda ƙwayoyin gado uku suke ba da ja mai duhu har zuwa fari. Mendel ma da kansa ya yi hasashen haka da ya ga launukan furen wani wake sun ƙi rabuwa gida biyu. A tsayin ɗan Adam, binciken da aka buga a 2022 a kan mutane sama da miliyan biyar ya gano wurare fiye da 12,000 a cikin DNA da ke da hannu, ga kuma cima da lafiyar ƙuruciya. Ba wanda ya taɓa cewa kowace siffa uku da ɗaya take bi. Correns ya haɗa fure ja da fari na wani tsiro mai suna Mirabilis ya sami ruwan hoda, amma a jikoki ja da fari suka dawo tsaf: ja ɗaya, ruwan hoda biyu, fari ɗaya. Thomas Morgan ya nuna a ƙudan 'ya'yan itace cewa ƙwayoyin da ke maƙwabtaka a kuromosom ɗaya, wato zaren da ƙwayoyin gado suke jere a kai, tare suke tafiya. Duk wannan yana cikin darasin mako na uku, Malam. Ina zaton ranar ba ka zo ba.

Sai sunayen tsirrai. Carl Linnaeus ya kafa tsarin suna biyu, na jinsi da na nau'i, a littafinsa na 1753. Ya kasa tsirrai aji 24, galibi bisa yawan zaren namiji da ke cikin fure da yadda suke jere, kuma shi da kansa ya san tsari ne na sauƙin ganewa, ba na zumunci ba. Jussieu a Faransa ya fito da dangogi 100 a 1789 bisa siffofi da yawa. Abin da ake nema yau shi ne wa ya haɗa kaka da wa, kuma ido yana yaudara a nan. Kaktus na Amurka da ƙerana sun yi kama ƙwarai, jiki mai ruwa da ƙaya, amma ba su haɗa dangi ba. Fari ne ya ƙera su iri ɗaya. Furen lotus na Asiya kowa ya ɗauka ɗan'uwan bado ne, sai DNA ta nuna ya fi kusa da wasu manyan itatuwa. Kuka kuwa ta koma dangi ɗaya da auduga. Tumatir da ka yi izgili da shi, Linnaeus a jinsin Solanum ya sa shi tare da dankali, Philip Miller ya fitar da shi, binciken DNA ya mayar da shi inda yake tun farko. Tsarin da masana suke bi yanzu ya fito a 1998, aka sabunta shi a 2003 da 2009 da 2016, na ƙarshen yana da dangogi 416 na tsirrai masu fure. Ilimin gadon da ka ce bogi ne shi ne ma'aunin da ake gyara waɗannan sunaye da shi, ka ga ashe tambayarka ta uku tana cin ta farko.

Rikicin sunan Acacia da ka kawo, jinsin da bagaruwa take ciki a da, i, ƙuri'a aka kaɗa a Biyana a 2005 aka tabbatar a Melbon a 2011, itatuwan Ostireliya suka riƙe sunan, bagaruwa ta koma Vachellia, kuma masana da dama ba su ji daɗi ba. Rigimar wa zai gaji suna ce. A kan cewa jinsin ya tsage kuwa, ba su saɓa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba sunana ba ne, ko da yake shi ma ban tsince shi a hanya ba. Mun shiga wani zamani da wanda ya rushe ya fi wanda ya gina samun tafi. Mutum ya haddace sunan Bature guda da shekara guda, ya jefa a taro, a ce kai, wane ya yi karatu. Ba zan ce don an kusa zaɓen masu duba manhaja ka tuna da Fisher ba. Ban faɗa ba, wasu ne suke faɗa. Amma ka yi tunanin wanda ya saurare ka ya tafi gida da cewa dokar gado tatsuniya ce? Cutar sikila wannan dokar take bi sak. In uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kowane ciki, ba kowane 'ya'ya huɗu ba: kamar jefa kwabo ne, jifan yau bai san abin da na jiya ya bayar ba. Na sha fama da masu zaton in na fari ya zo da cutar, ukun da ke biye sun tsira, da masu cewa tun da su biyun lafiyarsu ƙalau ba abin da za su ba ɗa. Shekaru muna cire wannan daga kawunan mutane, kai kuma ka zo da rana tsaka ka ba su hujjar toshe kunne, kuma da sunan malami.

Buƙatata biyu ce. Ka kawo mini shafin da Fisher ya ce dokar rabuwar ƙwayoyin gado ƙarya ce, da lambarsa, a gaban mutanen da ka tara. In bai samu ba, ka nemi fis mai rawaya tsantsa da mai kore tsantsa, ka haɗa su, ka shuka 'ya'yan, ka ƙirga jikokin da hannunka, ka buga abin da ka samu ko da ya saɓa mini. Shuka biyu kawai aikin yake ci. In tsabar ce ta gagare ka, aiko yaro ofishina, akwai.

Wassalam.

Naka,
Malamin da ka ce ko jahili ne ko maha'inci