Ni na kwance igiyar, ƙanena ya sha dukan

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Allah ya saka da alheri kan wannan fili da kake yi mana duk mako. Na daɗe ina sauraronka, wani lokaci har nakan yi wa masu rubuto maka dariya, ashe ni ma ina nan tafe. Don Allah kada a faɗi sunana ko na ƙauyenmu.

Shekarata 24. Mu masunta ne kaka da kakanni, a bakin kogin Hadeja, can ƙasa inda ruwan ke bajewa cikin fadama kafin ya nufi Nguru. Kakana, Allah ya jiƙansa, in ya fara labarin kifin da, gida biyu yake raba zamani: kafin Tiga da bayan Tiga. Tun da aka gina wannan madatsa a 1974, aka ƙara da ta Calawa a 1992, ruwa ya daina zuwa ya koma a kan lokacinsa, kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, taru ya koma fitowa shafal. Shi ya sa Baba ya fi ba da ƙarfi ga fito. Da ruwa ya cinye hanya a watan Agusta, duk mai son fita daga ƙauyukan da ke bayanmu sai ta jirginmu: masu kai busasshen kifi Hadeja, masu kora awaki Maigatari don kasuwar Alhamis, mata masu zuwa biki ko asibiti.

Baba yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa. Da ladan ya kira magariba an ɗaure jirgi, ko hakimi ne ya zo sai gobe. Bayan abin da ya faru a Bagwai ƙarshen 2021, da jirgi ya kife da 'yan makarantar Islamiyya a hanyarsu ta zuwa Mauludi, sai ya ƙara ƙulle dokar. Ya ce gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, shi kam ya shafa wa nasa ruwa. Don haka duk wanda dare ya riska a bakin ruwanmu nan zai shimfiɗa buhu ya kwana da sauro.

A ambaliyar 2022 mutane sun kwana mana da yawa. Wani dare akwai wata baiwar Allah da yaronta ya ƙi yin shiru, ta yi rarrashi, ta yi goyo, ta yi faɗa, a banza. Zanenta na shanye a jikin gwangwala. Na ɗauki tocila na ba ƙanena ya haska, na haɗa yatsuna a bayan zanen na yi kan zomo, na motsa kunnuwan. Yaron ya tsaya cak, hawaye na nan a kumatu. Na juya hannu na yi kura. Kafin in ankara manya sun juyo, wani bafatake har ya ajiye rediyonsa ya ce, "Yaro, ka sa mata murya mana." Daga nan abin ya faro.

Na soma da kwali, ruwa ya lalata. Sai na je wurin kawuna, baduku ne, ya riƙa tara mini yankakkun fatar akuya. Ina zana siffa da gawayi, in yanka da aska, in huda ido da basilla, in ɗaure gaɓoɓi da zare, in sa wayar keke ta zama mariƙi. Yanzu ina da guda 17. Gizo na nan da ƙafafunsa masu lilo, da Ƙoƙi, da kura, da Sarki mai rawani, da wani mai fito mai ƙaton tumbi wanda kowa ya ce da Baba yake kama (wallahi ba da gangan na yi ba). Na sayo yadi uku na alawayyo, Inna ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba, wai wane ne ke wasa da ƙyallen likkafani. Daga baya ita ce ta kalmashe mini bakinsa.

Ba wanda ya koya mini, wahala ce ta koya mini. Tocila mai ƙananan ƙwayaye da yawa ba ta yi, inuwar rarrabuwa take kamar mai ganin biyu-biyu. Sai mai ƙwai ɗaya, ko fitilar ƙwai ta kananzir, wadda ma ta fi, don in harshen wutar ya yi rawa sai ka ga kamar siffar na numfashi. In ka manna fata a jikin ƙyalle inuwa za ta fito ƙarama, tsaf, har gashin bakin Sarki ana gani. In ka ja ta baya wajen fitila sai ta kumbura ta yi dishi-dishi. Da haka nake sa kura ta taso daga nesa ta cika ƙyallen, yara su yi ihu. Jirgi yana ɗaure a gaɓa, ya ba tudu gefe, mun kafa gwangwala biyu a cikinsa mun miƙe ƙyallen, ni da ƙanena muna durƙushe a baya, 'yan kallo suna zaune a tudu. In iska ta kwanta, Malam, wasan biyu yake zama, ɗaya a ƙyalle ɗaya a kife a fuskar ruwa. In na ce "Ga ta nan, ga ta nanku," dattawa masu furfura ne ke fara amsa "Ta zo mu ji ta." Wani tsoho ya ce rabonsa da irin wannan tun majigi na yawo ƙauyuka. Ba na yanka kuɗi, amma ana jefa ɗari biyu, ɗari biyar a ƙwarya, wani ya bar goro.

Ba a rasa magana ba. Limaminmu ya kira ni ya karanto mini hadisin masu yin sura, da za a ce musu ranar ƙiyama su busa wa abin da suka yi rai. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya surar da aka haramta ita ce mai inuwa, ni kuwa inuwar ce ma sana'ata. Malamin Islamiyyarmu, wanda ya yi karatu a Masar, ya ce ba haka ake fahimtar maganar ba: mai inuwa na nufin mai jiki kamar gunki, nawa kuwa shimfiɗaɗɗu ne kamar takarda. Ya kawo 'yan tsanar Nana A'isha. Ya ce a Alƙahira an yi irin wannan wasa ɗaruruwan shekaru da suka wuce, a Turkiyya da azumi aka fi yinsa kamar yadda muke tashe, a Indonesiya kuwa, wadda take cike da Musulmi, har gobe akan kwana ana yinsa da siffofin fatar ɓauna, UNESCO ma ta karrama shi a 2003. Su biyun suna gaisawa lafiya, ni aka bari a tsakiya. Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba.

Da sanyin bara wasu baƙi su shida suka zo daga Kano kallon tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna sauka a fadamun Baturiya. Dare ya yi musu a wajenmu. Baba ya tafi ta'aziyya zai kwana. Jagoransu ya ja ni gefe ya ce kallo daga tudu bai ishe su ba, a cikin jirgi suke son zama, a ɗan tura shi kan ruwa su ɗauka a waya. Ya damƙa mini naira dubu 20. Ban taɓa riƙe kuɗin wasa haka ba. Na ce a raina ai ba ƙetarewa za mu yi ba, tsawon gwangwala huɗu ko biyar ne, ruwan ma a kwance yake. Suka shiga suka zauna, yaran unguwa suka biyo su kamar yadda suka saba hawa in jirgi na ɗaure, ban kore su ba. Na zagaya cikin duhu na kwance igiyar da hannuna, na ɗan tokare gaɓa da ƙafa, na koma bayan ƙyalle. Ƙanena yana riƙe da fitila, ya dube ni, na yi masa alama ya yi shiru.

Muna wajen da kura ke tasowa. Yara suka zabura gaba ɗaya suka yi gefe guda don su leƙa bayan ƙyallen, jirgi ya karkata, na ji "tsundum". 'Yar maƙwabcinmu ce, shekararta 7. Na faɗa ruwan da rigata. Duhu, ga sanyi kamar ana yanka da reza, ga saiwar kacala na naɗe ƙafa. Nitso na farko ban samu komai ba. A na biyu hannuna ya taɓa kitsonta, da shi na jawo ta. Allah ya yi da sauran kwananta. Ta amayar da ruwa a tudu, ta yi kwana uku da zazzaɓi, ta tashi.

Mutane suka taru da fitilu suna tambaya me ya kai jirgi tsakiyar ruwa. Baƙin suka yi tsit. Ni kuma bakina ya riga ni, na ce, "Igiya ce ta kwance." Kalma huɗu ke nan. Ɗaure jirgi da magariba kuwa aikin ƙanena ne, kowa ya sani. Baƙi suka kama hanya da asuba. Da Baba ya dawo aka gaya masa, bai tambayi kowa komai ba, ya ɗauki wannan igiyar ya ninka ta biyu. Baba ba mai duka ba ne, tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya ɗaga wa ɗayanmu hannu ba sai ran nan. Yaron nan shekararsa 14. Ana dukansa yana kallona, bai ce uffan ba, ni ma ban ce ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu ni na ja, ƙanena ruwan ya doka.

Tun daga ranar Baba ya hana shi taka jirgi, ya mayar da shi gona da kiwon awaki, shi da ya fi ni iya tuƙi tun yana ƙarami. A gari sunansa ya koma "mai sakaci", sa'o'insa in sun gan shi sai su riƙa kwaikwayon ɗaurin igiya. Ni kuwa na zama gwarzo. Mahaifin yarinyar ya kawo mini zakara har gida, aka yanka, aka zubo mana a kwano ɗaya ni da ƙanena kamar kullum. Ya ce ya ƙoshi. Daga wannan rana bai sake sa hannu a kwanona ba, kusan shekara guda ke nan. Yana gaishe ni, "Yaya, ina kwana," in na aike shi yana zuwa, iyakarta ke nan. Dubu 20 ɗin suna nan a cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin katifata, na kasa kashe ko sisi. Na taɓa miƙa masa su, ya ce, "Na me?" ya wuce.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau abu biyu ne da suka haɗu a mako ɗaya. Jagoran baƙin nan ya kira ni. Ya ce bidiyon da suka ɗauka kafin abin ya faru ya burge mutane, yana so bana ya riƙa kawo baƙi duk ƙarshen mako, zai sayi rigunan kariya da fitilar sola, ya yanka mini albashi. Sharaɗinsa a kan ruwa za a riƙa yi, bayan faɗuwar rana. Na san hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, ya ce wannan ai ba tafiya ba ce. Haka ni ma na gaya wa kaina bara. Amma kuɗin zai rufa mana asiri, jirginmu ya fara shan ruwa ta gindi, kuma akwai wadda nake nema, iyayenta sun fara tambayar ina na tsaya.

Na biyun shi ya fi ci mini rai. Tun bayan abin, Baba ya ɗauke jakar siffofin ya jefa a rumbu. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan sallar isha'i ya kira ni ɗakinsa, ga jakar a gabansa ya kakkaɓe mata ƙura. Ya ce, "Ɗauki kayanka. Na yi tunani, ba laifin wasanka ba ne, kai ka ma ceto ran. Ka ci gaba, amma jirgi a ɗaure, kuma kai za ka riƙa ɗaure shi da hannunka, don kai na yarda da kai." Malam, na so ƙasa ta tsage. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Baba, na gode."

Ka taimake ni da shawara. Na san gaskiya ce mafita, ba sai an gaya mini ba, hanyar faɗarta ce ta gagare ni. In tari Baba ni kaɗai, ko in nemi kawu ko liman su zauna? Yana da hawan jini, kuma na san ba abin da na yi ne zai fi ƙona masa rai ba, tuna dukan da ya yi wa yaron da bai ji ba bai gani ba ne. Ƙanena fa, shi zan fara roƙo, ko sai na wanke shi a gaban Baba tukuna? Tunda a bainar jama'a aka ɓata shi, wajibi ne in je in faɗa wa mahaifin yarinyar da ya yanka mini zakara, ko ya isa a gyara a cikin gida? Mutumin Kano kuma, in ce masa sai dai a jirgi ɗaurarre ko a bari, ko in yanke hulɗa da shi gaba ɗaya, tunda shi ma ya ga ana neman mai laifi ya yi shiru? In da hali ka taɓa mini maganar liman da malamin Islamiyya, don ina son wasan nan, ba zan ɓoye maka ba. Jakar na rataye a ɗakina kwana biyar ke nan, ban kwance bakinta ba, don ba ni da mai riƙe mini fitila.

Abu na ƙarshe. Baba ba ya wuce shirinka, rediyon gidan ma a ɗakinsa yake. Ko ba a faɗi suna ba, da ya ji an ce jirgi da alawayyo da igiya ya gane. Na yi tunanin wannan kafin in rubuto, kuma ban fasa ba. Lambata na bayan takardar. Na bar maka zaɓi, ko ka kira ni, ko ka karanta.

Wassalam,
Mai sauraronka daga bakin kogin Hadeja, Jihar Jigawa.