A ba masu haɗa ƙananan motocin roba fili a shafin motoci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ban taɓa ganin ya fito a shafinku na motoci ba. Kullum sai dai sabuwar mota kaza ta fito, tana gudun kaza, tana shan mai kaza, toh ba laifi, amma fa akwai mu da motocinmu ba sa shan mai kuma a kan tebur suke fakin. Ina nufin masu haɗa ƙananan motocin roba, irin waɗanda ke zuwa cikin kwali a wawwatse, kai za ka yanko kowane yanki daga jikin firam ɗin robar, ka goge, ka manna, ka yi fenti har ta tashi mota. Da yawa in sun gani sai su ce ai kayan wasan yara ne, alhali yaro in ka miƙa masa kwalin nan ba tare da babba a kusa ba gam kawai zai malale a gilashi ya tashi ya bar maka.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne maganar motar iyali. Yawancin masu fara wannan harka motar tsere suke rugawa su ɗauka, mai fiffike a baya da rubuce-rubuce ko'ina a jiki, ni kuma ina ganin tsohuwar motar gida, irin wadda ake loda yara a baya, ita ce ta fi wuyar haɗawa kuma ita ta fi daɗi in ta fito. Motar tsere sitika ta rufe rabin jikinta, in fenti ya ɗan yi kaushi a wani wuri ba mai lura. Motar gida kuwa jikinta fili ne fetal, launi ɗaya, kuma duk wanda ya kalle ta ya san yadda ya kamata ta kasance saboda ya taɓa ganin ta gaske ko ya shiga, so ba inda za ka ɓoye aiki.

Ɗauki Volkswagen Beetle misali. An ƙera ta daga 1938 har zuwa 2003 da aka fitar da ta ƙarshe a Puebla ta ƙasar Meziko, sama da miliyan 21 aka yi, tun 1972 ta wuce Ford Model T a yawan ƙira. Mota ce da kusan duk duniya aka san fuskarta. Kamfanin Tamiya na Japan yana da kwalin ta 1966, wato ƙirar da ake kira 1300, a sikelin 1/24, Revell da Hasegawa su ma suna da nasu. Shi 1/24 ɗin nan ma'anarsa kowane abu an rage shi sau 24, motar gaske tsawonta ya ɗan haura mita 4, taka za ta fito wajen santimita 17. Toh a juya lissafin a gani, milimita ɗaya a jikin ƙaramar daidai yake da milimita 24 a jikin babbar. Ke nan in ka lafta fenti mai kaurin rabin milimita, kamar ka shafa wa motar gaske fenti mai kaurin sama da santimita ɗaya ne, layin ƙofa ya cike, hannun ƙofa ya nutse, rubutun bayan mota ya ɓace. Wannan lissafin shi ne gaba ɗaya sirrin aikin, komai siriri, komai kaɗan-kaɗan.

Kuma Beetle ba ɗaya ba ce kamar yadda ake ɗauka. Gilashin baya a rabe yake gida biyu har zuwa 1953, daga nan ya koma mai siffar ƙwai, a 1957 aka faɗaɗa shi. Fitilun gaba na ta 1966 a kishingiɗe suke, na shekarun da suka biyo baya ne suka miƙe tsaye. Dashbod ɗinta ƙarfe ne mai launin jikin motar, so in ka yi wa jiki shuɗi ka bar dashbod baƙi, wanda ya san motar zai gane nan take. Inji a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto, tankin mai da safaya taya suna gaba. Wallahi mutum yana haɗa ƙaramin injin nan da hantsaki, yana saka fanbel da kafireto da salansa, zai fahimci yadda motar ke aiki fiye da wanda ya karanta a takarda. Shi ya sa kafin a buɗe gam ya kamata a nemi hotunan motar ta wannan shekarar a intanet, gaba da baya da ciki, a ajiye a gefe.

Wani zai tambaya me ya sa wasu kwalayen 1/24 wasu kuma 1/25, bambanci ɗan kaɗan haka. Asalin 1/25 daga Amurka yake, can dillalan motoci kan raba ƙananan samfuran sababbin motoci don talla, daga baya a ƙarshen shekarun 1950 kamfani irin AMT ya fara sayar da su a wawwatse don mutum ya haɗa da kansa, sai sikelin ya zauna. Turai da Japan suka fi riƙe 1/24. Airfix na Ingila, wanda abin farko da ya fitar na haɗawa tarakta ce ƙirar Ferguson a 1949, shi kuma motocinsa na gida 1/32 ya yi su. Akwai 1/43 ma irin na Heller na Faransa, amma wannan kam sai mai ido da haƙuri, ba zan ba mai farawa shawarar ya fara da shi ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Ƙaramar fulaya mai yanka, wuƙa mai siririn baki, samfefa daga mai lamba 400 zuwa 2000, hantsaki, tsinke, burushi biyu ko uku, salatif na rufe wurin da ba a son fenti ya taɓa. Kar a murɗe yanki da hannu a ɓalle shi daga firam, yana barin rami ko ya tsage, a yanka nesa kaɗan sannan a goge ragowar. A wanke robar da ruwan sabulu tukuna saboda maiƙon da ke zuwa daga masana'anta yana hana fenti kamawa. Sannan a duba jikin motar a haske za a ga wani siririn layi ya bi ta kan rufi ko murfin tayoyi, wurin da bakin abin da aka zuba robar a ciki a masana'anta ya haɗu ne, motar gaske ba ta da shi, dole a goge shi, kuma a Beetle da ko'ina lanƙwasa ne layin nan yana fitowa ɓaro-ɓaro in aka bar shi.

Maganar gam ita ce inda aka fi ɓarna. Gam ɗin robar nan ba manne yake yi irin na takarda ba, narkar da fuskar robar yake yi gefe biyu su haɗe su zama abu ɗaya, shi ya sa in ya taɓa yatsa yatsa ya taɓa jikin mota shikenan zanen yatsanka ya zauna a ƙofa. Ana haɗa yankunan biyu ne tukuna a ɗiga ɗan kaɗan a bakin haɗin, shi da kansa zai bi tsagar. Ba ya kama fenti kuma ba ya kama ƙyallin da ke jikin bamba, sai an kankare daidai wurin da za a manna. Gilashi kuwa kar a kusance shi da wannan gam, kar kuma a sa sufa gulu, tururinsa yana sa gilashi ya yi fari kamar hazo kuma gyaransa wahala ne. Farin gam na katako ko na takarda shi ne daidai, in ya bushe ba a ganinsa.

Sai fenti, kuma a nan ne nake da ja da wasu 'yan uwa. A fara da fentin shimfiɗa mai ruwan toka, shi ke tona duk wani ƙarce da rami da ido bai gani ba. In da gwangwanin feshi ake aiki a tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, ɗumi fa na ce ba zafi ba, kuma kar a kai shi kusa da wuta, a girgiza sosai, a fesa daga nisan santimita 20 zuwa 30, hannu na tafiya ba tsayawa. Shafe uku ko huɗu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba. A yi a wurin da iska ke shiga, a kife kwali a kai saboda ƙura, a bar shi ya bushe da gaske, fenti mai mai yakan ɗauki kwanaki kafin ya yi tauri ko da a ido ya bushe. Kuma kar a ɗora fenti mai tina mai ƙarfi a kan mai mai, na ƙasan zai tattare.

Jan da nake da shi shi ne ƙyalli. Yanzun yayi ake yi a goge mota a goge har mutum ya ga fuskarsa a ƙofa, a lafta mata abin ƙyalli shafe kan shafe. Ga motar baje koli na yarda. Amma motar da ke kai yara makaranta ba haka take ba, ko ranar da ta fito daga kamfani ƙyallinta bai kai haka ba, kuma a ƙaramin sikeli ƙyalli mai yawa shi ke sa abu ya koma kamar abin wasa. Ni na fi son matsakaicin sheƙi, kujeru marasa sheƙi, a goge tayoyi da samfefa su daina walƙiya, layin ƙofa a bi shi da ruwan toka mai duhu da aka tsinka ba baƙi wuluk ba, salansa a ɗan taɓa ta da launin tsatsa, ɗan ƙura a ƙasan matakin gefe. Ba wai a mayar da ita gwangwani ba, wasu kuma can suke zarcewa su cika ta da tsatsa har ka rasa wane mai gida ne zai sa iyalinsa a ciki. Mota ce da ake wankewa ana kula da ita amma ana hawa.

Toh Malam Edita roƙona ɗaya ne, ko sau ɗaya a wata a ware ɗan lungu a shafin motoci masu wannan aiki su riƙa turo hoton abin da suka haɗa. A ce musu su ɗauka da hasken rana ba da filashin waya ba, su faɗi kamfanin kwalin da sikeli da shekarar motar da irin fentin da suka sa, har da hoton ciki da na inji in akwai, don wanda ke son farawa ya san kwalin da zai nema da abin da zai tarar a ciki.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
mai karanta ku a kullum